Yadda Steve Jackson Ya Mayar da Gyaran DNA Makamin Yaƙi da Cutar Daji

Duk wanda ya taɓa sauke fim daga intanet, data ta ƙare, sannan fayil ɗin ya ƙi buɗewa, ya san cewa ɗan ƙaramin kuskure ya isa ya lalata bayanai masu yawa. To, a cikin jikinka akwai wani fayil mai suna DNA, wanda yake samun dubban raunuka kullum a cikin kowace ƙwayar halitta, amma yake ci gaba da aiki har shekara 70 ko 80. Dalili shi ne jiki yana da masu gyara da ba sa hutawa, dare da rana.

Masu gyaran nan su ne ke kare mu daga cutar daji, wato sankara. Su ne kuma ke taimaka wa sankarar ta tsira idan likita ya kai mata hari da kemoterafi, domin da yawa daga cikin magungunan kemoterafi aikinsu shi ne lalata DNA. Farfesa Steve Jackson na Jami'ar Kambirij a Ingila ya shafe sama da shekara 30 yana nazarin masu gyaran, kuma daga kamfanin da ya kafa ne aka samu maganin olaparib, wanda ake sayarwa da sunan Lynparza. A wannan maƙala za mu bi aikin nasa daki-daki, mu ga abin da maganin yake iya yi da inda ƙarfinsa ya tsaya, da kuma abin da ya shafi iyalanmu a ciki.

Fayil ɗin da ke cikin jikinka

Kwamfuta tana rubuta komai da alamomi biyu, 0 da 1. DNA kuwa da haruffa huɗu yake rubutu: A, C, G da T. Kwafi ɗaya na DNA ɗin ɗan Adam yana da haruffa kusan biliyan 3.1. Tun da haruffan huɗu ne, bit 2 ya isa a rubuta kowane ɗaya. Idan ka yi lissafi, bit biliyan 6.2 ke nan, wato kusan megabayit 775. Kwafi biyu gare ka, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, saboda haka duka bai wuce gigabayit ɗaya da rabi da 'yan kai ba. Ƙaramin katin memori ma zai ɗauke shi. A cikin ƙwayar halitta an raba shi gida 46, waɗanda ake kira kuromosom, kuma da za a miƙe shi tsawonsa zai kai kusan mita 2.

Siffar DNA kamar tsani ce da aka murɗa, mai igiya biyu. Kullum A tana fuskantar T, C kuma tana fuskantar G. Ma'ana, idan ka san abin da ke kan igiya ɗaya, ka san abin da ke kan ɗayar. Wannan ita ce ajiyar ko-ta-kwana ta farko, kuma a kanta yawancin gyara ya dogara. Wasu sassa na wannan rubutu umarni ne na haɗa furotin, wato ƙananan ma'aikatan da ke gudanar da komai a jiki. Kowane irin wannan sashe shi ake kira ƙwayar gado, kuma mutum yana da kusan 20,000.

Me ke lalata fayil ɗin? Hasken rana, hayaƙin taba, wasu sinadarai, har da ruwa da iskar oksijin da ke cikin jikin. Ban da haka, duk lokacin da ƙwayar halitta za ta rabu gida biyu sai ta kwafi haruffan gaba ɗaya, kuma mai kwafi yakan yi kuskure. Idan kuskure ya faɗa kan ƙwayar gadon da ke hana rabuwa barkatai, kuma ba a gyara shi ba, sannan wasu kurakuran suka biyo baya, a nan sankara take somawa.

Rukunin masu gyara

Har zuwa farkon shekarun 1970, masana da yawa suna ɗaukar DNA a matsayin abu mai ƙarko sosai. Tomas Lindahl, ɗan ƙasar Suwidin, ya auna ya gano cewa kowace ƙwayar halitta tana asarar haruffa kusan 10,000 a rana ba tare da wani abu ya taɓa ta daga waje ba. Ya ce idan haka ne, dole akwai mai gyara. A 1974 ya gano furotin na farko da ke tsince harafin da ya lalace domin a maye gurbinsa.

Aziz Sancar, ɗan Turkiyya da ke aiki a Amurka, ya fayyace wata hanyar da ke kula da manyan raunuka irin na hasken rana. A nan ba harafi ɗaya ake cirewa ba, ana yanke guntun igiya mai haruffa kusan 30 ne, a sake rubuta shi ta hanyar duba ɗaya igiyar. Shi kuma Paul Modrich na Amurka ya nuna yadda ake bin bayan mai kwafi ana gyara kurakuransa, abin da ke rage su kusan ninki 1,000. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2015.

Ana gane amfanin mai gyara ne ranar da babu shi. Akwai cutar gado mai suna xeroderma pigmentosum, inda hanyar da Sancar ya yi nazari a kanta ba ta aiki. Yaran da ke da ita kan kamu da sankarar fata tun suna ƙanana idan suna shiga rana. Waɗanda suka gaji matsala a hanyar Modrich kuma suna cikin haɗarin sankarar hanji.

Rauni mafi muni shi ne igiyoyin biyu su tsinke a wuri ɗaya. A nan babu igiyar da za a duba a kwafa, kuma guda ɗaya tak da ba a gyara ba zai iya kashe ƙwayar halitta. A wannan fannin ne Jackson ya yi suna.

Yadda kemoterafi ke aiki

Ɗaya daga cikin manyan magungunan kemoterafi ya fito ne daga gwajin lantarki. A 1965, Barnett Rosenberg na Jami'ar Jihar Michigan ya wallafa abin da ya gani da ya saka wutar lantarki a cikin ruwan da ƙwayoyin bakteriya suke girma. Bakteriyar sun daina rabuwa, sai tsawo kawai suke yi. Da aka bincika, ashe ba lantarkin ba ne ya jawo haka. Ƙarfen filatinam da aka yi sandunan gwajin da shi ne ya narke kaɗan ya haɗa wani sinadari. Daga nan aka kai ga cisplatin, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a 1978. Da shi ne sankarar 'ya'yan maraina, wadda a da take kashe mafi yawan waɗanda ta bazu a jikinsu, ta koma cutar da ake warkar da yawancin masu ita.

Cisplatin yana shiga ƙwayar halitta ya manne wa DNA, ya ɗaure haruffa biyu da juna, galibi G da G da ke maƙwabtaka. Idan mai kwafi ya iso wurin sai ya cije. Idan irin wannan ta yi yawa, ƙwayar halittar takan kashe kanta. Ƙwayoyin sankara suna yawan rabuwa, saboda haka su ne suka fi jin jiki. Haka ma gashi da na'ura da ake yi wa masu cutar daji, tsinka DNA yake yi.

Matsala ta farko ita ce maganin bai san abokin gaba ba. Akwai lafiyayyun ƙwayoyin halitta da su ma suke saurin rabuwa: na saiwar suma, na bangon hanji, da na ɓargo inda ake haɗa jini. Shi ya sa kemoterafi yakan zo da zubewar suma, gudawa, gyambon baki da ƙarancin jini, gwargwadon irin maganin da aka ba mutum.

Matsala ta biyu ita ce sankara ma tana da masu gyara. Misali mafi bayyana shi ne temozolomide, maganin wata muguwar sankarar ƙwaƙwalwa, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Aston da ke Birmingham. Yana liƙa wani ɗan sinadari ne a jikin harafin G. Amma akwai furotin mai suna MGMT wanda aikinsa ke nan, ya cire wannan sinadarin. Wani bincike na 2005 ya nuna cewa marasa lafiyar da ƙarinsu ya kashe ƙwayar gadon MGMT sun fi cin moriyar maganin nesa ba kusa ba. Likita yana cikin gaba kura baya sayaki ke nan: ya ƙara magani ya cutar da mara lafiya, ya rage kuma sankara ta gyara kanta ta dawo.

Wane ne Steve Jackson?

An haifi Stephen Jackson a birnin Nottingham a 1962. Ya yi digirin farko a Jami'ar Leeds, ya yi digirin digirgir a kan ƙwayoyin yis, sannan ya tafi Berkeley a Kalifoniya. A 1991 ya dawo Ingila ya buɗe ɗakin bincikensa a Kambirij. A lokacin ba sankara yake bincike ba, yana nazarin yadda ake karanta ƙwayoyin gado ne.

Cikin wannan aiki ya ci karo da wani furotin mai suna DNA-PK, wanda ba ya tashi aiki sai ya haɗu da DNA. A 1993, shi da ɗalibarsa Tanya Gottlieb suka nuna cewa bakin DNA da ya tsinke ne ke tayar da shi, kuma wani furotin mai suna Ku ne ke kai shi wurin. Daga baya aka gano cewa Ku siffar zobe gare shi, yana zura kansa a bakin igiyar da ta tsinke kamar yadda ake zura zobe a yatsa. Daga nan sai a jawo bakunan biyu a haɗe su. Hanya ce mai sauri, amma ba ta da tsafta, domin sau da yawa akan rasa wasu haruffa a wurin haɗin.

Akwai hanya ta biyu da ta fi inganci. Bayan ƙwayar halitta ta kwafi DNA ɗinta tana shirin rabuwa, tana da kwafi biyu iri ɗaya. Idan ɗaya ya tsinke, sai a je a duba ɗan'uwansa a kwafo abin da ya ɓata harafi da harafi. Masu rubuta manhaja sun san wannan: fayil ya lalace, sai ka dawo da shi daga ma'ajiyar da ka tura shi jiya.

Tunanin da ya zo wa Jackson shi ne a haɗa magungunan da za su toshe masu gyara. A wancan lokaci abin ya yi kama da hauka, tun da rashin gyara shi ne ke kawo sankara tun farko. Manyan kamfanonin magani ba su karɓi shawarar ba. A 1997 ya kafa nasa kamfanin a Kambirij, mai suna KuDOS, da tallafin jami'arsa da wata ƙungiyar agaji mai yaƙi da cutar daji. Ɗaya daga cikin furotin ɗin da kamfanin ya sa a gaba shi ne PARP.

Waya mai layi biyu

PARP kamar mai gadi yake. Da zarar igiya ɗaya ta DNA ta tsinke, shi ne kan fara isa wurin, ya manne, ya haɗa wata doguwar sarƙa ta sinadari wadda ke kiran masu gyara, sannan ya saki wurin. Idan aka hana shi aiki, tsinkewar igiya ɗaya takan zauna har mai kwafi ya iso, a nan sai ta rikiɗe ta zama tsinkewar igiya biyu. Lafiyayyar ƙwayar halitta ba ta damu sosai ba, domin tana da hanyar kwafowa daga ɗan'uwa.

Wannan hanya ta biyu ta dogara ne da furotin biyu, BRCA1 da BRCA2. A 1990 Mary-Claire King ta nuna cewa akwai ƙwayar gado a kuromosom na 17 da ke jawo sankarar mama a wasu zuri'o'i. An ware BRCA1 a 1994, BRCA2 kuma a 1995. Wanda ya gaji lalataccen kwafi daga uwa ko uba yana da sauran kwafi ɗaya mai kyau, kuma da shi jikinsa yake aiki lafiya lau. Amma idan wata ƙwayar halitta ta rasa wannan na biyun, gyaranta ya taɓarɓare, kurakurai su taru, ta zama ƙari. Wani babban bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 72 cikin 100 na mata masu lalataccen BRCA1 da kashi 69 na masu BRCA2 za su kamu da sankarar mama kafin shekara 80. Ta ma'ajiyar ƙwai kuwa, kashi 44 da kashi 17.

Yanzu ka ɗauki waya mai layi biyu. Idan sabis ɗin layi ɗaya ya ɗauke, kana kira da ɗayan. A ce layi na farko shi ne PARP, na biyu kuma BRCA. Lafiyayyun ƙwayoyin mara lafiya suna da layi biyu. Ƙwayoyin ƙarin kuwa sun riga sun yar da layin BRCA, da na PARP kaɗai suke rayuwa. Idan ka ba da maganin da ke ɗauke sabis ɗin PARP a duk jiki, lafiyayyun za su koma ɗaya layin, ƙarin kuma ya rasa mafita. Rashin ɗaya ba ya kisa, rashin biyun tare ne ke kisa. Masana sun fara lura da irin wannan a jikin ƙudajen 'ya'yan itace tun 1922, amma ba a taɓa mayar da shi maganin da hukuma ta amince da shi ba sai a kan PARP.

A watan Afrilun 2005 mujallar Nature ta fitar da bincike biyu a fitowa ɗaya. Ɗaya na Alan Ashworth na Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Landan ne tare da Jackson da ma'aikatan KuDOS. Ɗayan na Thomas Helleday ne na Jami'ar Sheffield tare da masana daga Newcastle. Duka biyun sun nuna cewa masu toshe PARP suna kashe ƙwayoyin da ba su da BRCA, a wasu gwaje-gwajen har ninki 1,000 fiye da masu shi. A 2012 wasu masana a Amurka suka ƙara gano cewa maganin ba hana PARP kira kawai yake yi ba, yana maƙale shi a jikin DNA ya kasa sauka, ya zama shinge a gaban mai kwafi.

Daga ɗakin gwaji zuwa asibiti

A ƙarshen 2005 kamfanin AstraZeneca ya sanar da sayen KuDOS a kan dala miliyan 210. A 2009 aka wallafa sakamakon gwajin farko na olaparib a jikin mutum 60. Ƙari ya ragu ko ya tsaya a 12 daga cikin 19 masu lalataccen BRCA da aka iya auna sakamakonsu, masu sankarar mama, ma'ajiyar ƙwai ko furostet, kuma galibinsu magungunan baya sun riga sun gaza musu.

Duk da haka, saura ƙiris maganin ya mutu a hanya. A 2011 wani maganin na wani kamfani daban, iniparib, wanda ake ɗauka mai toshe PARP ne, ya faɗi a babban gwaji. Daga baya aka gano cewa ba ya ma toshe PARP yadda ya kamata, amma ya riga ya sanyaya gwiwar masu zuba jari. A Disambar wannan shekarar AstraZeneca ya ce ba zai kai olaparib matakin gwaji na ƙarshe a sankarar ma'ajiyar ƙwai ba, domin wani gwaji na mata 265 bai nuna alamar yana tsawaita rai ba.

Abin da ya ceci maganin shi ne sake duba bayanai. A wancan gwaji an haɗa masu lalataccen BRCA da marasa shi wuri ɗaya. Da aka koma aka gwada DNA ɗinsu aka ware su, sai hoton ya canza: a cikin masu lalataccen BRCA, waɗanda suka sha olaparib sun yi matsakaicin wata 11.2 kafin cutar ta motsa, waɗanda suka sha ƙwayar da ba magani a ciki kuma wata 4.3. Duk wanda ya taɓa aiki da alƙaluma ya san yadda matsakaicin lissafi ke ɓoye gaskiya idan an cakuɗa rukuni biyu da ba iri ɗaya ba. A Disambar 2014 hukumomin Amurka da na Tarayyar Turai suka amince da olaparib, shekara 17 bayan kafa KuDOS.

Daga nan aka faɗaɗa amfani da shi: sankarar mama da ta bazu a 2018, ta fankiriyas a 2019, ta furostet a 2020. Gwajin SOLO-1 ya ƙunshi mata 391 masu sankarar ma'ajiyar ƙwai da lalataccen BRCA, waɗanda aka ba su maganin bayan sun gama kemoterafi. Bayan shekara 3, kashi 60 na masu shan olaparib cutar ba ta ci gaba ba, a ɗaya rukunin kuwa kashi 27 ne. Bayan shekara 7, kashi 67 suna raye, a ɗaya ɓangaren kashi 46.5. Gwajin OlympiA na mutum 1,836 masu sankarar mama da ba ta bazu ba ya nuna kashi 85.9 ba tare da cutar ta dawo ba bayan shekara 3, idan aka kwatanta da kashi 77.1. Wasu magungunan irinsa sun biyo baya: rucaparib, niraparib da talazoparib. Jackson ya samu kyautar Sarki Faisal ta kimiyya a 2016, kuma masarautar Birtaniya ta ba shi muƙamin Sir a 2023.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Olaparib bai maye gurbin kemoterafi ba. Burin farko shi ne a haɗa su lokaci guda domin kemoterafi ya lalata, shi kuma ya hana gyara, amma haɗin ya yi wa ɓargo nauyi. Shi ya sa a sankarar ma'ajiyar ƙwai akan fara da tiyata da kemoterafi mai filatinam, sannan a bi da olaparib domin hana cutar dawowa. Ƙarin da ya ji filatinam sosai shi ne galibi ke jin olaparib, tun da rauninsu ɗaya ne.

Ƙwaya ce da ake haɗiya sau biyu a rana, amma tana da nata illolin: tashin zuciya, kasala da ƙarancin jini, har wasu sai an yi musu ƙarin jini. Kaɗan daga cikin masu sha kan samu mummunar cutar ɓargo. Dole ne likita ya riƙa auna jinin mai shan ta.

Sannan sankara tana iya gano mafita. A 2008 aka nuna cewa wasu ƙwayoyin ƙari kan yi sabon kuskure a cikin lalataccen BRCA2 ɗinsu, wanda ke gyara na farkon. DNA ana karanta shi ne haruffa uku-uku. Idan harafi ɗaya ya ɓace, duk abin da ke bayansa ya rikice. Idan wasu biyu suka ƙara ɓacewa kusa da wurin, jerin ya koma daidai, furotin ya dawo aiki ko da bai cika ba. Layin da aka yar ya dawo ke nan, magani kuma ya daina ci. Saboda haka ne ake gwada magungunan da ke toshe wasu masu gyaran, irin su ATR da WEE1.

Ga kuma tsada. Maganin da gwajin DNA da ake buƙata kafin a ba da shi duka sun fi ƙarfin yawancin iyalai a ƙasashenmu.

Abin da ya shafe mu

Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ta yi karatun likitanci a Ibadan take kuma aiki a Jami'ar Shikago, ta jagoranci wani bincike tare da Mary-Claire King da likitocin Ibadan, wanda aka wallafa a 2018. Sun duba DNA ɗin mata 1,136 masu sankarar mama. Kashi 7 cikin 100 suna da lalataccen BRCA1, kashi 4.1 kuma BRCA2. Idan aka haɗa, fiye da mace ɗaya cikin goma ke nan take da irin raunin da aka ƙera wannan magani dominsa.

Lalataccen BRCA ba ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa ba. Uba ma yana ba da shi, kuma kowane ɗa ko 'ya yana da damar kashi 50 cikin 100 na gado. Namijin da ya gaje shi yana cikin ƙarin haɗarin sankarar furostet, har da ta mama. Abu ɗaya da za ka iya yi yau ba tare da kashe ko kwabo ba shi ne ka buɗe manhajar rubutu a wayarka, ka zauna da manya, ka rubuta tarihin dangi: kaka, inna, goggo, kawu, baffa, wa ya yi ciwon daji, a wane sashe na jiki, yana da shekara nawa. Idan ka ga mutum biyu ko uku a ɓangare ɗaya, ko wadda ta kamu tana ƙasa da shekara 50, ko namiji mai sankarar mama, wannan bayani ne da ya kamata likita ya gani. Mace kuma idan ta ji ƙullutu a mama, kada ta jira sai ya fara ciwo kafin ta je asibiti.

Idan kana da ɗan'uwa da ke karɓar kemoterafi, yanzu ka san dalilin da ya sa ake ba da shi zagaye-zagaye da hutu a tsakani. Hutun domin ɓargo da hanji su farfaɗo ne, zagaye na gaba kuma domin a sake bugun ƙarin kafin ya murmure. Wanda ya tsaya a tsakiya saboda ya ji sauƙi, ko saboda wani bidiyo a TikTok ya yi masa alƙawarin waraka cikin sati biyu, ya bar wa ƙwayoyin da suka fi taurin kai fili ne. Idan illolin sun yi yawa, likita za a gaya wa, domin akwai magungunan rage su kuma ana iya daidaita adadin.

Akwai kuma wurin masu kwamfuta a wannan aiki. Ƙarin da gyaransa ya lalace yakan bar wani salon kurakurai na musamman a DNA ɗinsa, kamar tabo. A 2017 rukunin Serena Nik-Zainal a Cibiyar Sanger da ke kusa da Kambirij suka fitar da wata manhaja mai suna HRDetect, wadda aka koya wa gane wannan tabo. Da suka duba cikakken DNA na sankarar mama 560, suka ga har kashi 22 cikin 100 suna da alamar matsalar BRCA, ciki har da waɗanda gwajin gado na yau da kullum ba zai nuna su ba. Irin waɗannan manhajoji daga bayanan da aka ba su suke koyo, kuma mafi yawan bayanan DNA da duniya ta tara na Turawa ne, alhali 'yan Afirka sun fi kowa bambance-bambance a DNA. Shi ya sa ɗan Afirka ya fi yawan samun sakamakon gwaji da ke cewa an ga wani canji amma ba a tantance ko yana da illa ba. Cike wannan giɓi yana buƙatar likitoci da ɗakunan gwaji, yana kuma buƙatar matasan da suka iya Python ko R, suka iya lissafin alƙaluma, waɗanda za su zauna su tace haruffa biliyan 3.1 na marasa lafiyarmu.